Wake da ƙishi: littafin fangali 15

6 ga Fabrairu

Bara ruwa ya yanke mini a tsakiyar noman rani, na rasa wane fangali zan ceta, wane zan bari. Sai na bi ido: duk wanda ya fi yaushi shi nake ba. Daga ƙarshe ko rabin abin da na sa rai ban roro ba. Bana na ce ba zan sake bin ido ba. Tambayata ɗaya ce. In ruwan da ke hannunka ba zai kai ka ƙarshe ba, a wane lokaci ne wake zai yi maka haƙuri, a wane lokaci ne kuma ba ya yafewa?

Yau na gama fitar da fangali 15, kowanne mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi, da ratar santimita 50 a tsakani. Ƙasar mai yashi ce, ba ta riƙe ruwa sosai. Na raba su gida biyar, kowane gida fangali uku, na kuma raɗa musu suna don kada in rikice. Ɗan Gata zai sha cikakken ruwa daga farko har ƙarshe. Ƙishin Yarinta zai koma sulusin ruwa daga kwana 15 zuwa 36, Ƙishin Fure daga 39 zuwa 51, Ƙishin Cika daga 54 har a gama. Na biyar shi ne Rabi-rabi, wanda daga kwana 15 rabin abin da Ɗan Gata ya sha zai riƙa samu.

Ban jera su yadda raina ya so ba. Na rubuta sunayen a 'yan takardu, na nannaɗe, na jefa ƙuri'a, saboda gefen gabas ya fi ƙasa mai kyau, kuma na san kaina, da an bar ni da can zan kai Ɗan Gata.

10 ga Fabrairu (ranar shuka)

Jiya na jiƙa kowane fangali da lita 40. Yau na shuka: layi biyu, santimita 50 tsakaninsu, rami da rami santimita 20, ƙwaya uku a rami. Iri mai tsayuwa ne, ba mai yaɗo ba, wanda ke nuna cikin kwana 70 ko ƙasa da haka. Takin zamani na SSP, mai sinadarin fosfaras, giram 40 a kowane fangali. Ban sa na naitrojin ba, wake shi yake samar wa kansa.

Lissafin ruwan ba shi da wuya in ka riƙe abu ɗaya: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Littafin ban ruwa mai lamba 56 da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta fitar a 1998 ya nuna cewa wake yana ƙarami yakan sha kamar kashi 40 cikin 100 na abin da gajeriyar ciyawa mai wadatar ruwa ke sha, in ya rufe ƙasa kuma ya kai kashi 105. Na ƙiyasta wa ciyawar milimita 6 a rana, sai lissafi ya ba ni wajen lita 14 ga kowane fangali duk kwana uku a farko, lita 38 a lokacin fure, na tsayar da su a 15 da 36. Ƙiyasi ne, amma da shi zan auna kowa.

Kayan da aikin ya ci zuwa yau: duro biyu, butar ban ruwa mai lita 12 da na yi wa alama, igiya, turaku, ƙaramin sikeli, da kwana huɗu na gumina.

15 ga Fabrairu

Ya tsiro. Ramuka bakwai ba su fito ba, na sake saka musu.

22 ga Fabrairu

Na rage, na bar biyu a rami, wato tushe 40 a fangali. Ban ruwa na huɗu, kowa lita 15. Daga nan hanya za ta rabu.

3 ga Maris (kwana 21)

Kuskuren farko, kuma nawa ne. Tun 25 ga Fabrairu Ɗan Gata ke shan lita 24, Yarinta lita 8, Rabi-rabi 12. Yau da safe na lura ɗaya daga fangalin Yarinta ya rabu biyu: layin da ke maƙwabtaka da Ɗan Gata ya yi kore shar, ɗaya layin kuma ya tsumbure. Na tona ratar da ke tsakani, ko kamu ɗaya ban kai ba na tarar da danshi. Ashe ruwa yana ratsawa ta ƙarƙashi, saiwar waken kuma ta bi shi. Ratar santimita 50 ba ta isa ba a irin wannan ƙasa.

Na yini ina haƙa siririn rami mai zurfin santimita 45 a tsakanin duk fangalin da ke maƙwabtaka, na tsayar da leda mai kauri, na mayar da ƙasa. Dole na datse wasu saiwoyi, abin ya dame ni, amma kowane gida ya taɓu, ba ɗaya kaɗai ba. Ledar ba za ta hana komai a can ƙasa ba, don saiwar tsakiya ta wake tana iya zarce mita 1 nesa ba kusa ba. Za ta dai rage satar da ake yi a sama, inda yawancin ƙananan saiwoyi suke. Da tun farko na bar rata mita 1, da ban sha wannan wahala ba. Bayana har yanzu bai miƙe ba.

6 ga Maris

Ban ruwa. Na yi noma, ciyawar ba ta da yawa, a fangalin Yarinta ma kusan babu.

11 ga Maris (kwana 29)

Darɓa ta sauka, baƙaƙen nan da ke cunkushewa a kan toho da ƙarƙashin ganye. Tururuwa ce ta tona mata asiri, na gan ta tana hawa da sauka. Ta fi yawa a Yarinta da Rabi-rabi, ko don tohon nasu ya daɗe bai buɗe ba. Na fesa ruwan sabulu da yamma, kuma na fesa wa duka 15 har waɗanda ba su kamu ba, don kada a ce wani ya sami kulawar da wani bai samu ba.

Wani dattijo da ke da gona kusa ya tsaya yana kallon Yarinta, ya girgiza kai. "Yaro, wannan azaba ta mece ce? Ko ruwan ne ya ƙare?" Na ce, "A'a Baba, da gangan ne, so nake in ga inda haƙurinsa ya tsaya." Ya yi dariya, ya nuna Ɗan Gata da sandarsa, ya ce ni dai in yi hattara da wancan, wake in ya ji daɗi da yawa harawa yake yi, ya manta da 'ya'ya. Na rubuta maganar. Ba yau ya fara noman wake ba.

18 ga Maris (kwana 36)

Yau ne ƙarshen ƙishin Yarinta. Da wani zai shigo ya zaɓi fangalin da ya lalace, waɗannan zai nuna ba tare da tunani ba. Tsayinsu bai wuce biyu bisa uku na Ɗan Gata ba, ganyen ƙanana ne masu duhu, har yanzu ana ganin ƙasa a tsakanin layi, alhali Ɗan Gata ya rufe ruf. Amma ko tushe ɗaya bai mutu ba.

Na daɗe ina kallon abin da suke yi da tsakar rana. Ganyen ba ya langaɓewa kamar na tumatir. Miƙewa yake ya juya gefensa ga rana, kamar an tsayar da wuƙa, don kada hasken ya faɗa masa a fuska. Yana kuma toshe 'yan ƙofofin numfashi da ke jikinsa don kada ruwa ya fita. Dabarar tana ceton rai, sai dai tana da farashi: ta ƙofofin ne iskar da yake haɗa abinci da ita ke shiga, in sun rufe girma ya tsaya. Wake a ƙishi ba mutuwa yake ba, jira yake. Abin da ban sani ba tukuna shi ne ko jiran yana da ranar biya.

Na tumɓuke tushe ɗaya daga kowane gida a wani ɗan layin gefe da na shuka don haka. Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, inda ƙwayoyin halittar nan ke kama naitrojin daga iska, sun fi yawa da girma a Ɗan Gata. Na tsaga da farce, cikinsu ja-ja, alamar suna aiki. Na Yarinta kaɗan ne, wasu cikinsu fari fat.

22 ga Maris

Furen farko a Ɗan Gata da Ƙishin Cika. Jiya Ƙishin Fure ya koma lita 12, Yarinta ya dawo lita 36. Na yi feshin maganin ƙwari na farko saboda 'yan mitsitsin ƙwarin da ke shiga fure da tsutsar maruka mai huda fure da kwanso.

25 ga Maris

Yarinta ya ba ni mamaki. Ban ruwa biyu kacal, sabon toho ya ɓarke ta ko'ina. Ya fara fure yau, kwana uku bayan sauran.

29 ga Maris (kwana 47)

Ranar 27 tafiya ta kama ni, kuma ranar ban ruwa ce. Na bar wa ɗan ƙanwata takarda, kowane fangali da litarsa, na ma ɗaura jan ƙyalle a turakun masu ƙishi. Da na dawo jiya na ga ɗaya daga fangalin Ƙishin Fure ƙasarsa ta fi ta 'yan'uwansa duhu. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai. "Kawu, furen ne na ga yana zuba a ƙasa, na ce in aka bar shi haka ba abin da zai rage. Buta uku na ba shi." Lita 36 ke nan a maimakon 12. Raina ya ɓaci, har na fara faɗa, sai na tuna abin da ya yi shi ne ainihin abin da manomin kirki zai yi. Ya ma fi ni ido, don ni ganye nake ta kallo, shi kuwa ƙasa ya duba.

Wannan fangali ya fita daga lissafi. Zan ci gaba da ba shi sulusi, in auna shi daban.

Da safen nan na durƙusa a sauran biyun. Daga tsaye ba ka ganin komai, ganye kore, fangali a rufe, ba za ka bambanta su da Ɗan Gata ba sai da tsakar rana. Amma in ka ɗaga ganye, ƙasa cike take da fure da ƙananan kwanso da ba su kai tsawon ashana ba. Na taɓa wani reshen fure, guda biyu suka faɗo mini a tafi. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, shi yake yi wa kansa barbara, kuma kowane fure damarsa ɗaya ce. In a ranar uwar ta ji ba za ta iya ciyar da shi ba, sai ta sake shi. Ganyen da ya tsaya a yarinta yana da makonni a gaba da zai rama. Furen da ya faɗi ya faɗi.

Akwai abin da ke iya rikita mini lissafi. Dare ya fara zafi, kuma an san zafin dare yana lalata garin fure a wake ko da akwai ruwa. Ɗan Gata ma ya zubar, sai dai kaɗan. Tunda zafin ɗaya ne a kan kowa, bambancin da ke tsakaninsu na ruwa ne.

2 ga Afrilu

Ban ruwa na ƙarshe na ƙishin Fure. Feshi na biyu. Duro ɗaya ya fara yoyo a gindi, na liƙe.

5 ga Afrilu (kwana 54)

Na ƙirga kwanso a tushe goma-goma. Ɗan Gata da Cika wajen shida a tushe, Yarinta da Rabi-rabi wajen biyar, Fure uku. Yau Cika ya shiga nasa ƙishin, Fure ya dawo cikakken ruwa.

12 ga Afrilu

Fure ya yi sabon toho, har da 'yan furanni a sama, ya fi kowa kyan gani yanzu. Duk wanda ya wuce shi yake yabo. Kallon kitse ake wa rogo, kwanson da ke ƙasa ba su ƙaru ba, sababbin furannin kuma sun zo a makare, zafi na kakkaɓe su.

Cika kuwa ya fara rawaya daga ƙasa, tsofaffin ganye suna zuba. Wannan ba yaushi ba ne, tsufa ne da wuri: uwar tana kwashe abin da ke cikin ganye tana turawa ƙwaya. Na matsa wasu kwanso, gindin a cike, bakin kuma fayau. Ɗan layin gefe ya sake amfani, na tsaga kwanso biyar daga can, kusan kowanne akwai ƙwaya biyu ko uku na ƙarshe da suka tsaya a shafe.

17 ga Afrilu

Ban ruwa na ƙarshe. Cika ya riga kowa bushewa, na fara roronsa yau don kada ya fashe.

26 ga Afrilu

Na gama roro, sau uku na bi kowane fangali. Yarinta ne ƙarshe. Kowane fangali da buhunsa da sunansa a ciki da waje, na shanya su a kan tabarma daban-daban. Awaki sun kusa yi mini ɓarna ranar 23, Allah ya sa ina kusa.

1 ga Mayu

Na casa, na sheƙe, na auna. Matsakaicin abin da fangali ɗaya ya bayar, da ruwan da ya sha tun daga jiƙon farko:

Ɗan Gata giram 390, lita 652. Yarinta giram 360, lita 508. Rabi-rabi giram 280, lita 376. Cika giram 265, lita 548. Fure giram 215, lita 532, daga fangali biyu.

Na zauna da alƙalami na juya su. Yarinta ya ajiye mini lita 144, ya ci mini giram 30. Fure ya ajiye lita 120, ƙasa da na Yarinta, amma ya ci giram 175. Cika ya ajiye lita 104, ya ci giram 125. Wato wanda ya fi ba ni tausayi a ido shi ne ya fi kowa arha, wanda mutane ke yabo kuma shi ya fi cutata. Da bara ce, da na kwashe ruwan Fure na ba Yarinta.

Nauyin ƙwaya 100 ya nuna ta inda kowa ya yi asara. Ɗan Gata da Yarinta giram 16, Fure giram 17, Cika giram 12. Fure a yawan kwanso ya faɗi, 'yan ƙwayoyin da suka tsira kuwa sun ƙoshi, tunda babu masu raba abinci da su. Cika kwansonsa na nan, ƙwayar ce ƙanana, wasu a yamutse. Asararsa ta wuce abin da sikeli ya nuna, don irin wannan ƙwaya ba zan ajiye ta iri ba.

Wanda ban yi tsammani ba shi ne Rabi-rabi. In aka auna da ruwa, kowace lita 100 ta ba shi giram 74, Yarinta 71, Ɗan Gata 60, Cika 48, Fure 40. Ina zaton don ya saba da ƙarancin tun yana ƙarami ne, bai tara ganyen da zai kasa shayarwa ba. Fure kuwa an gina shi a kan wadata, ya yi jiki, sannan aka janye masa ruwa a ranar da ya fi buƙata. Wanda ƙasa ta yi wa kaɗan Ɗan Gata ne nasa. Wanda ruwa ya yi wa kaɗan, ƙasa kuwa akwai, lissafinsa daban ne: lita 652 za ta shayar da fangalin Rabi-rabi ɗaya da kusan kashi uku cikin huɗu na wani, wato wajen giram 485.

Fangalin ɗan ƙanwata ya ba da giram 290. Lita 24 da ya ƙara a tsakiyar fure ta zo da giram 75 sama da 'yan'uwansa. Fangali ɗaya ne, ba zan kafa hujja da shi ba, amma na kira shi na nuna masa sikelin. Har yanzu bai daina murmushi ba.

Maganar dattijo ta fito rabi. Ɗan Gata ya fi kowa harawa, amma bai manta da 'ya'ya ba. Wataƙila da iri mai yaɗo ne, ko da na wuce lita 36, da ta cika.

4 ga Mayu

Na koma kan abin da na taɓa karantawa. Binciken da Turk da Hall suka wallafa a 1980 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya nuna haka: ƙishi kafin fure bai cika rage ƙwaya ba in ruwa ya dawo, amma a lokacin fure da cikar kwanso yana ragewa sosai. Littafin FAO mai lamba 33 na 1979 ya ba da ma'auni ga ɗan'uwan namu, waken Phaseolus: giɓin ruwa na kashi 10 yana jawo asarar kashi 2 a yarinta, kashi 11 a fure, kashi 7.5 a cika. Namu ya fi wancan jure fari, amma jerin bai canja ba.

Gwajin nawa yana da ramuka. Tsawon ƙishin ba ɗaya ba ne, Yarinta ban ruwa takwas, Fure da Cika biyar-biyar. Na bi kalanda maimakon in bi shukar, shi ya sa Yarinta da ya makara da kwana uku ya ci wata 'yar riba. Mako guda na farko ruwa ya yi ta ratsawa. Iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, shekara ɗaya.

Zagaye na gaba rata mita 1, leda tun kafin shuka, fangali huɗu a kowane gida don in ɗaya ya ɓaci uku su rage. Ƙishin fure zai fara ranar da rabin tushen fangalin suka buɗe fure, ba ranar da takarda ta ce ba. Zan ƙara gida na shida: sulusi a yarinta, cikakke a fure, rabi a cika, wanda a lissafina zai sha lita 430. Zan kuma shuka da mako biyu kafin na bana don fure ya riga zafin dare. Iri na zagayen zan ɗiba daga buhun Ɗan Gata, na riga na zuba shi a jarka na toshe bakin saboda ƙwaro.